Laifin Wane Ne? Tunani a Kan Gadon Jini da Alhakin Iyaye

Akwai wata tambaya da takan shigo gidajenmu ba tare da sallama ba, idan kuwa ta shigo ba ta cika fita ba sai ta bar rauni. Mace ta haifi 'ya ta huɗu a jere babu namiji, sai dangin miji su soma kallon juna. Yaro ya kwana yana kuka da ciwon ƙashi, idanunsa sun yi rawaya, an kai shi asibiti an ce amosanin jini ne, wanda aka fi sani da sikila, sai kaka ta gyara zama ta ce su dai a zuriyarsu ba a taɓa ganin irin wannan ba. Ko kuma jariri ya zo da hasken fata ko tsayin hanci da ba a gani ga uwa ko uba ba, sai a shiga raɗa a bayan ɗaki. A dukan waɗannan tambayar ɗaya ce: laifin wane ne? Mun kuma sani sarai, ba sai an faɗa mana ba, a kan wa ake yawan sauke amsar.

Tambayar tsohuwa ce. Almajiran Ubangiji ma sun yi ta sa'ad da suka ga mutumin nan da aka haifa makaho, kamar yadda Bisharar Yohanna ta ba da labari a sura ta 9. Sun nemi a raba musu gardama tsakanin zunubin mutumin da na iyayensa, shi kuwa bai ɗora wa ko ɗaya ba. Kakanninmu sun bar mana karin magana biyu da kamar suna ƙaryata juna. Sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sun kuma ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Dukansu gaskiya suka faɗa, gama ɗa yakan yi kama da iyayensa, ya kuma saɓa musu a lokaci guda. Abin da ba su da halin gani shi ne yadda hakan yake faruwa. A zamaninmu an gani, kuma a ganinmu wanda ya san wannan ilimi ba zai iya yin waccan tambaya kamar yadda ya saba yin ta ba.

Jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyi ne waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai wasu zaruruwa siririya da masana suke kira kuromosom, mu kuwa bari mu ce da su zaren gado, domin a jikinsu ne aka rubuta dubban umarni game da launin fata, tsawo, irin jini da sauransu. Zaruruwan 46 ne, kuma biyu-biyu suke, wato tagwaye 23: a kowane tagwaye, ɗaya daga uwa ya zo, ɗaya daga uba. Ba a tabbatar da wannan adadi ba sai a 1956, lokacin da Joe Hin Tjio da Albert Levan suka ƙirga su da kyau a birnin Lund na ƙasar Suwidin. Kafin nan an shafe shekara talatin da ɗoriya ana koya wa ɗaliban likita cewa 48 ne, abin da ya isa ya koya wa masu ilimi ma tawali'u.

To, ga matsala. Da uwa za ta ba ɗanta zarenta 46 duka, uba ma ya ba da nasa 46, da ɗan ya tashi da 92, jika da 184, haka har abin ya gagara. Saboda haka akwai wata rabuwa ta musamman da ba ta faruwa a ko'ina cikin jiki sai a wuraren da ake yin ƙwayoyin haihuwa, wato ƙwan mace da ƙwayar maniyyin namiji. Masana sun raɗa mata suna mayosis a 1905, daga wata kalmar Helenanci mai ma'anar ragewa. Ƙwayar takan kwafi zarenta sau ɗaya, sa'an nan ta rabu sau biyu, ta haka kowace ƙwayar haihuwa take ƙarewa da zare 23 kawai. Wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Edouard van Beneden, shi ya fara lura da wannan ragi a 1883, yana nazarin ƙwan tsutsar cikin doki. Idan ƙwai da maniyyi suka haɗu, 23 da 23 suka koma 46, lissafi ya daidaita.

Amma wane 23 ɗin? A nan ne abin mamakin yake. Mu ɗauka wata uwa tana da kayan ɗaki iri 23, kowane iri guda biyu, ɗaya ta gada daga mahaifiyarta, ɗaya daga mahaifinta, za ta kuma haɗa wa 'yarta guda ɗaya daga kowane iri, amma idanunta a rufe. Tasa ta fito daga ta kaka, tabarma daga ta kakan, akwati daga ta kaka, haka har iri 23, kuma abin da aka ɗauka a wannan iri bai shafi abin da za a ɗauka a wancan ba. Idan aka ninka 2 da 2 har sau 23, za a sami 8,388,608. Wannan shi ne yawan hanyoyin da mace ɗaya za ta iya haɗa ƙwai guda, haka kuma yake ga namiji. Idan aka haɗa na miji da na mata, adadin ya haura tiriliyan 70, wato ya ninka yawan mutanen duniya, wanda ya kai biliyan 8 a 2022, fiye da sau 8,000. Daga aure ɗaya ke nan.

Ko wannan ma bai ƙare lissafin ba. Kafin tagwayen zaren su rabu, sukan rungumi juna su yi musayar gutsattsari, wannan ya ba da yanki nasa ya karɓi na wancan. Wanda ya fara bayyana wannan musaya, a 1909, wani Fada ne mai koyarwa a Jami'ar Katolika ta Louvain, Frans Janssens. Bayan shekara biyu Thomas Hunt Morgan ya ƙarfafa maganarsa da gwajin ƙananan ƙudaje a birnin New York. Ma'anar wannan ita ce, zaren da uwa take miƙa wa ɗanta ba na mahaifinta ba ne zalla, ba kuma na mahaifiyarta ba ne zalla. Saƙa ce sabuwa da ba a taɓa yin irinta ba. Shi ya sa Isuwa da Yakubu suka kwanta ciki ɗaya, ɗaya ya fito da gashi a jiki, ɗaya sumul. Shi ya sa kuma hancin kakan kaka yakan ɓace shekara sittin, ya sake bayyana a fuskar jaririn da ake zargin uwarsa a banza.

Manomi ya san amfanin wannan bambanci tun kafin a ƙera madubin likita. Rogo da rake, idan an dasa karansu, abin da ya tsiro tamkar uwar ne, babu ragi babu ƙari. Gero kuwa ta iri yake yaɗuwa, iska ta kwashi garin furen wannan zangarniya ta kai wa waccan, saboda haka a gona ɗaya wani tushe yakan jure farin da ya kashe na kusa da shi. Inda duk shuka ɗaya ce, cutar da ta san ƙofar ɗaya ta san ta duka. Haka ya faru a ƙasar Ayalan daga 1845, inda talakawa suka dogara kusan ga irin dankalin Turawa guda. Cuta ta ruɓar da shi, sakacin masu mulki ya ƙara tsananta yunwar, mutum kimanin miliyan 1 suka mutu. Wannan cakuɗa da take sa 'ya'yanmu su bambanta, har wani lokaci ta kawo mana baƙin ciki, ita ce kuma take hana annoba guda share zuriya duka.

Yanzu mu koma ga matar nan mai 'ya'ya mata huɗu. Tagwaye na 23 su ne suke rarrabe jinsi. Mace tana da zare biyu iri ɗaya, waɗanda ake wa alama da X da X. Namiji yana da X da wani gajere mai alamar Y. Tun da mace ba ta da komai sai X, kowane ƙwan da ta yi X yake ɗauke da shi. Namiji ne maniyyinsa ya rabu biyu, rabi X rabi Y. Idan mai X ya riga isa, 'ya mace ce. Idan mai Y ne, ɗa namiji ne. Wata malama Ba'amurkiya, Nettie Stevens, ta gano tushen wannan a 1905 ta wurin nazarin wani ƙwaro, a 1990 kuma masu bincike a Ingila suka gano ainihin umarnin da ke kan zaren Y wanda yake juya tayi ya zama namiji. Idan muka ɗauka rabi da rabi ne, to, a cikin gidaje 16 masu 'ya'ya huɗu-huɗu, gida ɗaya zai kasance duk mata ne, ɗaya kuma duk maza, ba tare da wani ya yi wa kowa sammu ba. Sarki Henry na 8 na Ingila ya rabu da matarsa ta fari saboda neman magaji namiji, har ya raba ƙasarsa da Roma a 1534, bai san abin da yake tuhumar mata a kai daga jikinsa yake fitowa ba.

Amma mu yi hankali a nan. Mun ji wasu masu wa'azi, cikin kyakkyawar niyya, suna cewa ashe laifin miji ne. Wannan ɗauke kaya ne daga kan wanda bai ji ba bai gani ba a ɗora wa wani irinsa. Ƙwayoyin maniyyi miliyoyi ne suke tsere a lokaci guda, kuma babu mijin da ya taɓa zaɓen wanda zai ci. Ban da haka, duk wanda ya ce "laifi" a kan haihuwar 'ya mace, ko a kan wa ya ɗora shi, ya riga ya yanke hukunci cewa 'ya mace hasara ce. Wannan hukuncin shi ne ainihin abin da ya kamata a kai gaban Fada a furta, domin shi kam da sani ake yin sa, yarinyar kuma tana ji tun tana ƙarama.

Wani mai tunani zai ce, to, ashe mu 'ya'yan caca ne? Idan kamannina da jinina da jinsina duk sun rataya ga yadda zare ya juya a cikin duhu, ina tanadin Allah? Tambaya ce mai nauyi, ba ma kuwa so mu tsallake ta da gaggawa. Waliyyi Toma na Akwino, tun a ƙarni na 13, ya koyar cewa tanadin Allah bai kawar da abin da yake faruwa bisa katari ba. Mahalicci yana aiki ta hanyar sababai da ya halitta, waɗansu tabbatattu kamar fitowar rana, waɗansu kuwa masu iya faɗawa nan ko can. Abin da yake katari a wurinmu bai fita daga saninsa ba. Sai dai akwai rata mai faɗi tsakanin cewa Allah ya san kowane yaro yana kuma ƙaunarsa, da cewa kowane ciwo da yaro ya zo da shi takardar hukunci ce da aka aiko wa iyayensa. Maganar farko bangaskiya ce. Ta biyu ita ce wadda almajiran suka yi, aka kuwa gyara musu.

Koyarwar da muka samu tun a ajin katekisim ta isa ta warware wannan: ba a lissafa wa mutum zunubi sai da sani da kuma yardar zuciya. Ina sani, ina yarda, a cikin rabuwar zaren gado? Mu dubi wannan: ƙwayayen mace sukan soma waccan rabuwa tun ita kanta tana tayi a cikin mahaifiyarta, sa'an nan su tsaya cik, su jira shekara goma sha, ko ashirin, ko arba'in, kafin ɗaya bayan ɗaya su ci gaba. Wato musayar da ta shata rabin gadonmu an yi ta ne a cikin cikin kakarmu, tun uwarmu ba ta shaƙi iskar duniya ba. Wani lokaci, musamman idan jiran ya yi tsawo, tagwaye ɗaya sukan kasa rabuwa, sai yaro ya sami zare na 21 guda uku maimakon biyu. Wannan ne sanadin lalurar da ake kira ta Down, kamar yadda Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin suka nuna a Paris a 1959. Uwar irin wannan yaro ba ta ci wani abu ba, ba ta tsallake wani abu ba, ba ta fita da tsakar rana ta gamu da iska ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da mun huta: babu mai laifi, kowa ya koma gida. Amma ilimin da ya wanke mu daga wani zargi, shi ne kuma ya ɗora mana wani nauyi da kakanninmu ba su ɗauka ba. Don mu gane wannan sai mu waiwayi lambun wani gidan sufaye a birnin Brno, a ƙasar Cek ta yau, inda Fada Gregor Mendel, na ƙungiyar Waliyyi Agustin, ya shafe shekarun 1856 zuwa 1863 yana haɗa auren wani irin wake na Turai yana ƙirga 'ya'yansa. Da ya haɗa mai ƙwaya rawaya da mai ƙwaya kore, zuriyar farko duk ta fito rawaya, kamar kore ya mutu. Da waɗannan suka hayayyafa, sai ga kore ya dawo: ya ƙirga rawaya 6,022, kore 2,001, wato kusan ɗaya cikin huɗu. Ya buga sakamakon a 1866, duniya ba ta kula ba sai a 1900, shekara 16 bayan rasuwarsa. Abin da ya gano shi ne hali yana iya ɓuya a jikin mai ɗauke da shi, lafiyarsa ƙalau, sai ranar da ya gamu da irinsa.

Wannan ita ce amsar kakar nan da ta ce ba a taɓa gani a zuriyarsu ba. Amosanin jini yana zuwa ne daga sauyi guda ɗaya tak a umarnin da ke gina sinadarin da yake ɗaukar iska a cikin jini, kamar yadda Vernon Ingram ya nuna a Cambridge a 1956. Wanda ya gaji lafiyayyen umarni daga iyaye biyu, shi ne AA. Wanda ya gaji ɗaya lafiyayye ɗaya mai sauyi, shi ne AS, kuma yawanci ba ya jin komai. Wanda ya gaji mai sauyin ta wajen uwa da ta wajen uba, shi ne SS. Ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan ciwon yake tasowa. Babu yaron da yake zama SS ta gefe ɗaya. Kowane gida ya ba da nasa rabin, ko an taɓa gani ko ba a taɓa gani ba. Yana da wuya kuwa a ce wannan ciwo ba shi da hannu a wani kaso na yaran da a dā ake kira 'yan wabi, ana cewa suna tafiya suna dawowa don su wahalar da uwarsu.

Kada kuma mai AS ya sunkuyar da kai. A 1954 Anthony Allison, yana aiki a gabashin Afirka, ya nuna cewa masu AS sun fi sauran mutane tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Wannan ne dalilin da ya sa alamar S ta yawaita a ƙasashenmu: garkuwa ce da ta ceci kakanninmu suna yara, har suka rayu suka haife mu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2006, ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ita, kuma ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu ciwon kowace shekara. A duk layin kujera na majami'armu akwai masu AS, da yawansu ba su ma sani ba.

Ga lissafin Fada Mendel a kan gadon aurenmu: idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS, kashi biyu na AS, kashi ɗaya na AA. Muna jaddada kalmar "kowane", domin a nan mutane da yawa suke ruɗin kansu. Zare ba ya tuna abin da ya yi bara. Wanda ɗansa na fari ya zo SS bai biya bashi ba, na biyu ma yana iya zuwa haka. Akwai kuma gidajen da suka haifi huɗu babu ko ɗaya mai ciwon, kusan gida ɗaya cikin uku na irin wannan aure, su ne ake kawowa misali a ce ai wane da wance sun yi, ba abin da ya faru. Gaskiya ne, amma sauran gida biyun ba a cika kiran sunansu a wurin neman aure ba.

To, saurayi da budurwa sun zo ajin shirin aure, sun shekara uku suna son juna, an kai gaisuwa, an sa rana, sai takardar gwaji ta nuna dukansu AS ne. Me ya wajaba a kansu? A nan ba mu da amsa mai sauƙi, muna kuma shakkar duk wanda ya ce yana da ita. Ba su da laifin abin da suke ɗauke da shi. Amma daga ranar da suka karanta takardar, sani ya shigo, abin da za su yi bayan haka kuwa da yardar zuciya za su yi shi, kuma wanda zai kwana yana kuka da ciwon ƙashi ba ya wurin balle a nemi shawararsa. Wasu sukan ce gwaji rashin dogara ga Allah ne. Ba mu yarda ba. Wanda ya ga rijiya a buɗe ya bar yaro yana rarrafe kusa da ita, gwada Allah yake yi, hankalin da ya gano lauje a cikin jini kuwa baiwa ce daga wurinsa. Saboda haka daiyosis da yawa a Nijeriya suke neman takardar gwajin jini kafin ɗaurin aure, Jihar Kano ma ta mai da gwajin lafiya kafin aure doka a 2024.

Duk da haka, Dokar Ikilisiya ta 1983 ba ta sa irin jini cikin abubuwan da suke haramta aure ba, sashe na 1058 kuma ya tabbatar da 'yancin aure ga duk wanda doka ba ta hana ba. Aikin Fada da katekist shi ne su tabbata waɗannan biyu sun fahimci abin da ke gabansu filla-filla: dare nawa a asibiti, kuɗin jini, makarantar da yaro zai riƙa rasawa, da yadda irin wannan gajiya takan cinye ƙaunar da aka yi taƙama da ita. Ya kamata a kai su su zauna da iyayen da suke renon mai ciwon, su ji daga bakinsu. Idan bayan haka suka rabu, kada wani ya kira su marasa alkawari. Hadaya suka yi saboda wanda ba su taɓa gani ba. Idan kuwa suka ce sun ji sun gani za su ɗauka, to, su sani sun ɗauki alkawarin karɓar duk yaron da ya zo, gama Ikilisiya ba ta yarda a gwada ciki domin a zubar da wanda aka samu da ciwon ba.

Inda laifi na gaskiya yake, wanda ba shi da mafaka, shi ne ƙarya. Mun sha jin labarin wanda ya sayi takardar bogi mai cewa AA, ko dangin da suka san sakamako suka ɓoye don kada a fasa biki. Wannan sata ce ta 'yancin wani, domin an hana shi yanke shawara a kan ransa da na 'ya'yansa. Sashe na 1098 na dokar nan ya ce auren da aka samu yardarsa ta hanyar yaudara, a kan wani hali da zai iya dagula zaman aure ƙwarai, bai ɗauru ba. Haka nan ma'aikacin ɗakin gwaji da ya rubuta sakamako da ka ko da ganganci, yana da rabonsa a hawayen da za su biyo baya. A taƙaice kuma mu ambaci auren zumunci: 'ya'yan wa da ƙani sun haɗa kakanni, saboda haka abin da ya ɓuya a jikin wannan ya fi yiwuwa ya ɓuya a jikin waccan, ba sikila kaɗai ba.

Akwai wani haɗari kuma da yake tare da wannan wa'azi namu, wanda dole mu faɗa wa kanmu. Sa'ad da muke tsaye a gaban jama'a muna cewa a yi gwaji don kada a haifi masu sikila, akwai yarinya mai SS a cikin ƙungiyar mawaƙa tana sauraro, abin da kunnenta yake ji kuwa shi ne da ma ba a haife ta ba. Wajibi ne mu rarrabe abu biyu da harshenmu yakan cakuɗa. Kafin a ɗauki ciki babu wani yaro da aka ƙi. Akwai dai mutum biyu da suke auna nauyin da za su iya jawo wa wani. Bayan an haifi yaro kuwa, ba lissafin kashi ɗaya cikin huɗu ba ne kuma, mutum ne mai suna, wanda aka yi wa baftisma da ruwa ɗaya da na kowa. Darajarsa ba ta rataya ga kyawun zarensa ba. Ba ta ma rataya ga cewa babu irinsa a duniya ba, ko da yake mun yi mamakin tiriliyan 70 ɗin nan. Gama Hassan da Hussaini da suka fito daga ƙwai guda zarensu ɗaya ne, amma ba wanda ya taɓa cewa mutum ɗaya ne, ko a yi musu baftisma sau ɗaya ta wadatar.

Yawancin zafin da muke gani a ajin shirin aure daga jinkiri yake zuwa, domin ana gwajin ne bayan zuciya ta riga ta tafi, an kuma kashe kuɗin lefe. Yaron da ya san irin jininsa tun yana ajin tabbatarwa zai yi tambayar a farkon sanayya, lokacin da rabuwa ba ta da tsada. Gwajin ba ya ɗaukar jini mai yawa, yana da kyau kuma a maimaita shi a wani wuri dabam, saboda kuskure yana faruwa. Su kuwa yaran da suke tare da mu masu ciwon, an san abin da yake tsawaita ransu: gano ciwon tun suna jarirai, allurar rigakafi, maganin penisilin a shekarun farko, gidan sauro, shan ruwa da yawa, guje wa sanyi, da maganin hydroxyurea ga waɗanda likita ya ga ya dace da su. Da irin wannan kulawa da yawa sun yi karatu, sun yi aure da masu AA, sun ga 'ya'yansu. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani magani mai gyara umarnin gado a ƙwayoyin ɓargon mai ciwon, amma kuɗinsa ya haura dala miliyan 2 ga mutum ɗaya, bai kuwa iso ƙauyukanmu ba. Abin da ya iso shi ne jakar jini, wadda sau da yawa ake nema da tsakar dare a rasa, alhali majami'a ɗaya tana da matasa ɗari masu lafiya da za su iya rubuta sunayensu da rukunin jininsu a littafi guda, a ajiye a ofishin Fada.